Gwaggo Hatimi da Littattafan Ɗakin Baya

Kafin ka gan ta za ka ji ta. Ƙwas a kan tawada, dum a kan takarda, sannan murya ta biyo baya: "Mako biyu. In ka jiƙa mini shi, kai ma sai na jiƙa ka."

Shekara talatin da ɗaya ke nan tana aiki a laburaren gari, ashirin da biyar daga ciki a teburin ba da aro. Duk littafin da zai fita sai ta buɗe bangon baya, ta buga kwanan watan dawowarsa a 'yar takardar da ke manne a wurin. Sunanta na yanka ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Ɗalibai da ma'aikata Gwaggo Hatimi suke ce mata, mijinta ma in yana neman tsokana haka yake kiran ta.

Da tsintsiya ta fara. Tana da shekara ashirin da huɗu, da goyo a bayanta, aka ɗauke ta shara da goge-goge, karatunta kuwa iyakarsa firamare. Shugaban laburaren na lokacin wani dattijo ne da ake kira Mai Tabarau. Wata rana ya leƙa ɗakin baya ya same ta tsaye, tsumma a kafaɗa, littafi a hannu, leɓɓanta na motsi.

"Ke, sharar ke nan?"

"Na share waje, Malam. Ƙurar ciki nake dubawa."

Ya yi dariya har tabaran ya zame. Ya ce daga ranar duk littafin da ta goge, shafi ɗaya ladanta ne. Ta riƙe maganar. Da shafi ɗai-ɗai ta cinye ɗakin nan, daga wannan kantar littattafai zuwa waccan. Da hannun dattijon ya fara rawa, kwanan wata na fita bibbiyu a takarda, ita ya miƙa wa hatimin.

Ɗakin baya ƙarami ne, taga ɗaya gare shi mai ragar waya, da kantocin katako shida. Can aka jera littattafan da ba a jarrabawa da su: tatsuniyoyin da aka tattaro daga bakin tsofaffi, karin magana, waƙoƙin masu aiki, tarihin garuruwa da rijiyoyi da hanyoyin fatake, da bayanin sana'o'in da wasunsu sun mutu. Da yawansu sau ɗaya aka buga su, maɗaba'ar ma ta rufe. Gwaggo ta san mazaunin kowanne. Ko wuta ta ɗauke, hannunta kai tsaye yake zuwa.

Mijinta tsohon direban bas ne, ya ajiye tuƙi tun da gwiwa ta fara damunsa. Kullum ta dawo da yatsa shuɗi sai ya ce, "Yau ma an yanke wa mutane hukunci?"

"An yanke. Saura kai."

"Ni laifin me na yi?"

"Shekara talatin kana aure da laburare, ko shafi ɗaya ba ka taɓa buɗewa ba."

"Ai ke na buɗe, har yau ban gama karantawa ba."

Saura wata goma sha huɗu ta yi ritaya aka kawo sabon Darakta, sa'an babbar 'yarta, mai tsafta, mai saurin tafiya. Ba mugu ba ne. Shi ya sa aka gyara famfo, shi ya sa aka sauya ƙwan fitilun da suka yi shekara a mace. Ya kuma samo kwamfutoci goma sha biyu, suna jibge cikin kwalayensu a baranda, babu inda za a sa su. A makonsa na uku ya tara ma'aikata ya karanta takardar umarni. Duk littafin da takardar bayansa ba ta ga hatimi ba a shekara goma, za a fitar da shi. Wanda ya lalace ma haka. Nan da mako shida motar kamfanin sarrafa takarda za ta zo ta kwashe, a mayar da ɗakin baya ɗakin kwamfuta.

Gwaggo ta ɗaga hannu. "Yallaɓai, sarrafawar nan, me ake yi musu?"

"Ana niƙa su, Gwaggo, a yi kwali."

"Kwalin me?"

"Kwali dai. Na ƙwai, na sabulu."

"To." Ta sauke hannunta. "Na ji."

Waɗanda suka san ta sun san "to" ɗin nan ba na alheri ba ne.

Da yamma ta shiga ɗakin ta bi littattafan ɗaya bayan ɗaya tana buɗe bangon baya. Ɗari uku da tamanin ne hukuncin ya hau kansu. Masinja, abokin faɗanta na shekara ashirin, ya tsaya a bakin ƙofa yana sakace.

"Hatimi, ke fa wani lokaci kamar ba ki da wayo. Hatimin a hannun wa yake?"

"A hannuna."

"To ki turo ƙofa, ki bi su dum, dum, dum. Kafin a tashi kin gama. Wa zai sani?"

"Ni."

"Ke kaɗai ai."

"Kai, tsohon banza, shekara ashirin da biyar hatimin nan bai taɓa ƙarya ba. In ya ce littafi ya fita, to ya fita, wani ya ɗauke shi da hannunsa ya kai gida. Ba a kaina zai koyi ƙarya da tsufansa ba."

"To sai ki zauna ki ga an yi kwalin ƙwai da su."

"Kati nawa gare ka?"

"Ni? Me zan yi da kati? A nan nake wuni."

"Gobe ka zo da hotonka."

Dokar laburaren ta ce kati ɗaya littafi biyu, mako biyu, kuma duk mazaunin gari yana da damar yin kati. Dokar ba ta hana ma'aikaci fita neman masu aro ba. Washegari da hutun rana Gwaggo ta yafa mayafi, ta cika jaka da takardun neman kati, ta shiga layin bayan laburaren.

Mai aski ta fara samu, yana tsakiyar kan wani.

"Gwaggo, lafiya? Ko askin za a yi?"

"Bakinka za a aske. Akwai littafin da aka rubuta a kan sana'arku, har da zanen asake irin na da. Marubucin ya ce masu aski sun fi kowa surutu, sun fi kowa ƙarancin sani."

Ya tsayar da inji. "Wa ya faɗa?"

"Zo ka gani da idonka. Gani ya kori ji."

Kafin la'asar ya zo da hotonsa.

Ta san mutanenta, ta san littattafanta, haɗa su kawai take yi. Tela ta ba shi na tufafin da da yadda ake yanka su. Mahauci ya samu na hanyoyin fatake da garken shanu. Mai sayar da shayi ta ba shi na karin magana, ta ce ko ya samu sabon abin da zai riƙa jifan masu zaman benci da shi, tunda nasa uku ne kacal kuma duk sun tsufa. 'Yarta ma'aikaciyar jinya ta kawo abokan aikinta tara, suka kwashi tatsuniyoyi don masu doguwar jinya. Sharaɗinta ɗaya ne: ranar da ka dawo da shi sai ka faɗa mata abu ɗaya da ka gani a ciki.

"Ba jingina na ba ka ba," in ji ta. "Kada ka tokare mini ƙofa da shi."

A gida ta ajiye wa mijinta guda biyu a kan cinya.

"Hatimi, idona fa ba ya gani."

"Jiya daga nan ka karanta lambar motar da ta wuce, har ka ce ta bogi ce."

"Lamba daban."

"To wannan na tarihin hanyoyi ne. Ka duba ko sun san hanyar da ka bi shekara talatin."

Bayan kwana biyu ta same shi a ƙofar gida ya tara tsofaffin direbobi huɗu, yana nuna musu taswira da yatsa, ana musu kamar za a dambace. Su huɗun duk sun yi kati.

Sai dai hannun da bai saba ba yakan yi ɓarna ko da niyyarsa alheri ce. Tela ya dawo da nasa yana washe baki. Ya ga bangayen sun tsufa, sai ya ɗinka musu riguna da ragowar yadi, har da aljihu. Lambar da ke gadon bayan littafin, wadda da ita ake sanin mazauninsa, ta shige cikin riga.

"Gwaggo, kyauta na yi, ba sai kin gode ba."

"Ai ba zan gode ba. Wa ya ce maka suna jin sanyi?"

Ta sa reza ta buɗe wa lambar taga, ta bar musu rigunan. Na Mahauci kuwa ya dawo da tambarin babban yatsa na maiƙo a shafi goma sha ɗaya. Wannan ya tayar mata da hankali, don takardar Darakta ta ce lalatacce ma fita zai yi. Ta yi kwana uku tana barbaɗa garin alli, tana danne shafukan da takarda da dutsen guga mai ɗumi, har maiƙon ya ja baya. Da Mahauci ya zo karɓar wani, ta kama hannunsa ta juya.

"Je ka famfo. Da sabulu."

"Gwaggo, a gaban mutane?"

"Su ma littattafan mutane ne."

Mai aski shi da faɗa ya dawo. Tun daga ƙofa ake jin sa, ɗalibai na ɗago kai.

"Mutumin nan bai taɓa riƙe aska ba! Ya ce a kan dutse kaɗai ake wasa ta. Fatar fa? Kakana da fata yake gamawa! Kuma ba inda ya ce mun fi kowa surutu, na duba daga farko har ƙarshe."

"Wannan ni na ƙara. Rage murya."

"Akwai na biyunsa?"

"Akwai."

"Ba ni. Sai na ga inda ƙaryarsa ta tsaya."

A mako na huɗu kantocin ɗakin baya sun yi giɓi kamar bakin tsoho. Darakta ya sa aka kira ta ofis. Ofishin babba ne, da kujerun baƙi takwas da doguwar taga. Ya ce ta zauna, ta ce tsayuwar ta fi mata.

"Gwaggo, wa kike yaƙa?"

"Ni? Takardarka nake bi, Yallaɓai. Ka ce wanda ba a ara ba ya fita. Ana ara."

"Kin san abin da nake nufi. Mai shayi da mahauci, su ne masu karatun tarihi?"

"Ka tambaye su. Mahaucin zai gaya maka kwana nawa ake yi da garke kafin a kai ruwa."

Ya shafa goshi. "Ki dubi baranda. Kwamfutoci goma sha biyu suna shan ƙura. Kullum yara na zuwa suna tambaya ta yaushe za a buɗe. Waɗansu ba su taɓa taɓa irinta ba, kuma da ita za su yi jarrabawa. Su ba mutane ba ne?"

"Mutane ne. Jikata ma tana cikinsu. Ban ce kada a kafa ba."

"To a ina?"

Ta juya ta dubi kujerun baƙin da suka cika ofishin, ɗaya bayan ɗaya.

"Gwaggo!"

"Ban yi magana ba."

"In kiɗa ya canza, rawa ma canzawa take. Duk abin da ke ɗakin nan za a same shi a kwamfuta."

"Zo mu je ka nuna mini guda ɗaya. Na waƙoƙin masu haƙar rijiya nake so. In ka samo shi, ni da kaina zan ɗora shi a motar."

Bai tashi ba. Ya juya biro a hannunsa ya ce, "Saura miki kamar shekara ɗaya. Ina so ki fita da mutuncinki a teburin da kika saba. Amma ina da ikon in ɗauke ki daga wurin."

"Kana da shi. Da tsintsiya na shigo gidan nan, Yallaɓai, kuma har yau ban manta yadda ake riƙe ta ba."

Ta fita ta ja masa ƙofar a hankali.

Mako biyun ƙarshe ba ta ci abincin rana a zaune ba. Ta bi masu gyaran waya, ta bi masu wanki da guga, ta tare malaman makaranta a bakin titi. Ƙafarta ta kumbura, 'yarta ta yi faɗa, mijinta ya riƙa dafa mata ruwan gashi yana mita. Amma akwai littattafan da suka gagara. Wasu rubutunsu ƙanana ne kamar tururuwa, wasu da tsohuwar hanyar rubutu aka buga su, sai wanda ya saba. Mutum zai juya su ya ce, "Gwaggo, ba ni mai hoto." Ita kuma ta ƙi tura wa mutum abin da ta san ba zai buɗe ba.

Ranar da motar ta zo, da hantsi, saura littafi arba'in da bakwai da ba su ga hatimi ba. Katinta cike yake, na mijinta ma, na Masinja ma. Direban motar, wani ƙato mai tawul a wuya, ya leƙa ɗakin ya ce, "Kai, a kan wannan aka taso ni? An ce mini ɗaki guda."

"Ɗana, a garin nan kake zaune?" in ji Gwaggo.

"Eh, Mama."

"Kana da hoto?"

Yana da na lasisi a aljihu. Kafin ya gane inda aka dosa ta cike masa takarda, ta zaɓo guda biyu, ƙwas, dum, ƙwas, dum, ta ɗora masa a hannu.

"Waɗannan gaba za su zauna, kusa da kai. Mako biyu."

Tana juyawa wajen masu lodin motar su biyu, za ta yi musu kati su ma, sai ga Darakta a kanta. Bai ɗaga murya ba.

"Gwaggo, ba ni hatimin."

Ta dube shi, ta dubi hannun da ya miƙo. Ta rufe gwangwanin tawada, ta goge fuskar hatimin da gefen tsumma kamar yadda take yi kullum in an tashi, ta sa masa a tafin hannu.

"Kwanan watan yakan maƙale a kan tara. Sai an tura da farce."

Arba'in da biyar aka loda. Ta tsaya a bakin motar, duk wanda aka jefa sai ta faɗi abin da ke cikinsa da ƙarfi, yadda na ciki za su ji. "Wannan na sunayen taurari ne a bakin makiyaya. Wannan wasiƙun wani malamin ƙauye ne. Wannan na yadda ake gina rumbu ne, babu wani kwafinsa a garin nan." Masu lodin suka daina jifa, suka koma ajiyewa a hankali. Ba ta yi kuka ba. Da motar ta sha kwana ta juya ta tambayi Darakta inda aka mayar da ita.

Ɗakin jaridu aka kai ta, can ƙarshen baranda, inda aikin bai wuce jera na yau da ɗaure na jiya ba. Teburin aro aka ba Masinja. Hatiminsa a karkace yake fita, wani lokaci ma a kife, ita kuma tana jin ƙarar daga nesa tana tsaki. Aka fitar da kantocin katako aka jingine a bayan gini, aka shafa fenti, aka kafa kwamfutocin. Jikarta na cikin waɗanda suka fara zama, ta zo ta ba ta labari, Gwaggo ta ce madalla, kuma har zuciyarta ta faɗa.

Sai wa'adin aro ya fara cika. Littattafai suka riƙa dawowa, biyu-biyu, daga shagon aski, daga asibiti, daga bencin direbobi. Kowanne da sabon kwanan wata a bayansa. Masinja ya tara su a kan tebur, tebur ya cika, ya koma ƙasa, har sai da aka rasa hanyar wucewa. Masu dawowa kuma ba sa tafiya sai sun biya ɗakin jaridu sun ba Gwaggo abu ɗayan da ta ce.

Ranar wata Laraba Darakta ya shigo ya same ta tana huda jaridu da allura. Ya tsaya a gabanta.

"Ɗari uku da talatin da biyar," in ji shi. "Ina zan sa su?"

"A kira motar mana."

"Kin san ba zai yiwu ba. Duk da hatimi a jikinsu. Takardar da na sa wa hannu ita ta ɗaure ni."

"Ashe."

"Gwaggo, tambayarki nake yi."

Ta zare zaren ta ƙulla. "Barandar da ke zuwa ofishinka tana da tsawo, kuma ruwa ba ya taɓa ta. Kanta shida za su shiga in an jera su gefe ɗaya. Ta biyun gara ta ci ƙafarta, sai an yi mata dashe."

"Kullum ke nan sai na wuce ta gabansu."

"Safe da yamma."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. "Kada ki ɗauka zan mayar da ke teburin."

"Ban roƙa ba."

Ya juya zai fita, ta kira shi.

"Yallaɓai. In kafinta ya zo kafa kantocin, ka ce ya sa ƙusa mai kyau. Shekara goma takardarka ta ba su. Kafin nan kai an yi maka canjin wurin aiki, ni ina gida ina faɗa da tsohona. Su ne masu zama."

Ta jawo damin jaridun jiya, ta daidaita bakinsu a kan tebur, ta soka allura.